Rabin Ƙararrawar da Hajiya Ta Wanke

Zuwa ga
Shugabar Kwamitin Kula da Tsohuwar Tashar Jirgin Ƙasa,
da dukan membobin kwamitin,
Gabashin Greensboro, North Carolina.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan kina lafiya, ke da iyalinki da abokan aikinki na kwamiti. Ina kuma yi wa ita tashar fatan alheri, tunda na fahimci lafiyarta ce ta fi damun kowa a 'yan kwanakin nan.

Sunana Rabi'atu Lawal. Ni ce 'yar tsohuwar nan da ta wanke muku ƙararrawa. Na san ba ku riƙe sunanta ba, domin a taronku na watan jiya, wanda na halarta na zauna a kujerar baya, an yi ta kiranta "wata mata", wani dattijo mai hular hana sallah kuma ya kira ta "mai ɓarna" har aka rubuta. Sunanta Hajiya Asabe. Ta haura shekara saba'in, ta haifi bakwai, ta binne uku, ta je Makka, kuma kafin wannan shekarar ɗan sanda bai taɓa tsayawa a kanta ba.

Na rubuta wasiƙar nan da Hausa ne saboda Hajiya ta ce ba za a aika da wata magana a kanta ba sai an karanta mata ta ji da kunnenta. Ta daina yarda da fassarata tun ranar da ta kama ni ina ƙara wa likita maganar da bai faɗa ba game da sukari a shayi. Mijina zai mayar muku da ita Turanci. Na gargaɗe shi kada ya sassauta ko kalma ɗaya, ko da yake na san halinsa, mutum ne mai gudun rigima. Na kuma sa ta a zauren jama'armu na waya, inda Hausawan garin nan na Nijar da na Nijeriya suke haɗuwa, domin labarin ya riga ya zaga, kuma ya yi ƙiba a hanya. A unguwar Glenwood an ce Hajiya ta ciro ƙararrawar ta ɗora a ka za ta tafi da ita gida. Kafin ya kai Sedgefield an ce har jirgi ta tsayar. Gara kowa ya ji yadda abin ya faru daga bakin wadda aka kira a waya ranar.

Na ɗaya: ba ni da ja da ku a kan darajar tashar.

Gini ne mai kyau, kuma kun riƙe shi da kyau. Na katako ne, rufinsa ya zubo ya yi rumfa ta kowane gefe, an yi wa bakin rufin sassaƙa kamar bakin leshi, ga taga da ta turo gaba inda shugaban tasha yake zama a da yana hango jirgi ta gabas da ta yamma. Allonku ya ce an gina ta a ƙarshen ƙarni na sha tara, irin ginin da ake kira na zamanin Biktoriya, kuma an shigar da ita rajistar gine-ginen tarihi, ta yadda ko ƙusa ba a buga mata sai an yi taro. Na taɓa tambayar abin da ya haɗa sarauniyar Ingila da gonakin Karolina, aka ce mini sunan salon gini ne kawai. Na gamsu. Mu ma a gida Ingila ta bar mana abubuwa da dama ba tare da ta tambaye mu ba, cikinsu har da layin dogo.

Jirgin fasinja ya daina tsayawa a wurin tun da daɗewa. Na kaya ne kawai ke wucewa, ya yi ihunsa ya ƙara gaba. Allon ya kuma bayyana, cikin kalmomin nadama masu daɗin karantawa, cewa ɗakunan jira biyu ne a tashar, babban na farare, ƙaramin na baƙaƙe, amma yanzu ƙofofin duka biyu a buɗe suke ga kowa. Na karanta wannan na ji daɗi. Zan dawo kansa a gaba.

Na biyu: abin da ya kai Hajiya tasharku.

Mahaifina, Malam Lawal, Allah ya jiƙansa, ma'aikacin reluwe ne a Ƙaura Namoda, garin da layin dogo ya je ya ƙare. A gidajen ma'aikata da ke bayan tasha aka haife mu, da ƙarar jirgi muke tashi, da ita muke sanin lokacin ɗora tukunya. Cikin ayyukan babanmu har da kaɗa ƙararrawa idan jirgi zai tashi, goge ta ma aikinsa ne a wurin hukuma. A zahiri kuwa Hajiya ce ke yi, don ta ce gugar namiji shafa ce kawai. Duk lokacin da Sallah ta ƙarato sai ta jiƙa tsamiya, ta tankaɗe toka, ta sauko da tasoshinta na jere ta dirje su ɗaya bayan ɗaya har mutum ya ga haƙoransa a ciki. In ta gama sai ta ɗauki ragowar ruwan tsamiyar ta nufi tasha. Babu wanda ya sa ta, babu wanda ya hana ta, shugaban tasha ma kawar da kai yake yi ya shige ofis.

Ina so ku fahimci wannan, don shi ne tushen maganar. A inda Hajiya ta tashi, idan tagulla ta yi kore a gida, ɗayan biyu ne: ko matar gidan ƙazama ce, ko ba ta da lafiya. Idan ƙazama ce a yi da ita a rijiya. Idan ba ta da lafiya, maƙwabta su shigo su wanke mata. Babu wata fassara ta uku.

Bayan rasuwar babanmu na ɗauko ta na kawo ta nan. Da farko a Glenwood muke, kuma can ba ta sha wuya ba, don akwai wata Hajiya Mariyama mutuniyar Damagaram a gidan da ke kallonmu, su wuni suna gardamar ko furar wa ta fi. Daga baya aikin mijina ya sa muka dawo nan wajen McLeansville. Ranki ya daɗe, kin san yadda unguwar take. Gida nan, gida can, gona a tsakani, babu mai tafiya a ƙasa, maƙwabci yana gaishe ka da yatsa biyu daga cikin mota. Ni kuma a gidan kula da tsofaffi nake aiki. In fita da safe in je in yi wa iyayen wasu wanka, in ba su abinci a baki, in saurari labarin ƙuruciyarsu, tawa uwar tana gida ita da talabijin ɗin da ba ta jin abin da yake cewa. Jikokinta idan sun dawo makaranta ta yi musu Hausa su mayar mata da Turanci, a tashi babu wanda ya ƙaru. A idona ta fara ramewa, ta koma barcin rana, ita da a da take cewa barcin rana na marasa aikin yi ne.

Ana nan wata safiya ta ji ihun jirgi daga bayan itatuwa. Ta yafa mayafi ta bi sautin da ƙafa, sai ga ta a tasharku. Da na dawo ranar na tarar ta yi tuwo da miyar kuka, abin da ta daɗe ba ta yi ba, tana ta ba ni labarin yawan taragon da ta gani.

Tun daga ranar kullum da safe tana can. Ta zauna a bencin da ke ƙarƙashin rumfa, ta fito da carbi ta yi laziminta, jirgi ya zo ta ɗaga wa direba hannu. Ba a yi mako biyu ba ta tafi da tsintsiyarta ta kaba, wadda ta zo da ita tun daga gida, domin a wurinta ba a zama wuri kullum a bar shi da shara. Ta share dakalin tashar fiye da shekara guda. A mujallarku ta ƙarshen shekara kun yabi tsabtar wurin, kun gode wa masu ziyara da suka daina zubar da shara. Ban ji an kira taro a kan wannan ba.

A can ta san Mista Rey, dattijon nan mai aikin sa kai da ke buɗe tashar wasu ranaku. Ita ta naɗa shi Sarkin Tasha, kuma yana amsawa. Shi ya iya "sannu", ita ta iya "tankiyu", da waɗannan biyun suke hira ta awa guda. Ran Juma'a ta kai masa masa da zuma, ya dawo mata da kwanon da tumatirin lambunsa a ciki. Ina roƙon kada a ɗora masa laifin komai, mutumin kirki ne.

Na uku: abin da ya faru.

Ƙararrawar da ake magana tana kan wani gajeren ginshiƙi a gefen dakali, tsayinta daidai ƙirjin mutum. Tun ranar da Hajiya ta fara ganinta abin ya tsaya mata a rai. Kore ce shar, ta yi dabbare-dabbare. Ta sha tambayata, "Ke Rabi, wai mutanen nan ba su da mata ne?" Ni kuma na ce, "Hajiya, ki bar musu kayansu." Ta ce to. Duk wanda uwa Bahaushiya ta haifa ya san irin wannan to ɗin, an ji ne amma ba a ɗauka ba.

A makon Babbar Sallah da ta wuce, ranar Laraba da hantsi, ta jiƙa tsamiyar da muka sayo a kantin kayan Afirka, ta kwashe tokar gawayin da mijina ya gasa kaza da shi, ta tankaɗe ta da rariyata ta fulawa. Tasoshinta uku da ta zo da su ta fara dirjewa, kamar yadda ta saba. Sannan ta ɗauki bokiti da soso ta tafi.

Wata mata mai yawo da kare ta hango tsohuwa da hijabi ta duƙufa a kan ƙararrawa da wani abu a hannu, sai ta buga waya. Ɗan sandan da ya zo, a faɗi gaskiya, yaro ne mai ladabi. Bai taɓa ta ba, bai ɗaga mata murya ba. Ya nuna mata benci ta zauna, ya sami lambata a katin da nake sa mata a jaka, ya kira ni. Na baro aiki da rigar aiki a jikina. Na iske uwata zaune, hannuwanta sun yi baƙi-baƙi da kore har gwiwar hannu, bakin zanenta a jiƙe, ɗan sanda tsaye a kanta, fitilar motarsa tana juyawa, masu wucewa suna rage gudu suna kallo. A bayansu ga ƙararrawa, gefen da ke fuskantar layin dogo yana sheƙi har yana kashe ido, ɗaya gefen yana nan kore yadda kuka san shi.

Da ta gan ni sai ta saki fuska ta ce, "Yauwa Rabi, gaya masa saura gefe ɗaya, yanzu zan gama." A zatonta an turo shi ne ya ga aiki.

Na yi ƙoƙarin in ɓoye mata, amma ba yarinya ba ce. Ta ga yana rubutu, ta ga ya ɗauki hoton bokitin, ta ga an tsaya ana nuna ta. Ta dube ni ta ce, "Ɓarauniya suka ɗauke ni?" Na ce a'a. Ta ce, "To me ya kawo ɗan sanda?" Na kama hannunta na sa ta a mota. Muka koma gida. Kafin Sallah ta wuce takardarku ta iso, cewa an hana ta taka harabar tashar, kuma in ta taka za a ɗauke shi a matsayin laifi.

Na huɗu, kuma wannan ne ya fi ƙona mini rai.

A taronku an tsaya an nanata cewa ta zaɓi ranar da Mista Rey ba ya nan. An ce wannan ya nuna ta san abin da take yi ba daidai ba ne, shi ya sa ta jira sai da ido ya ɗauke. Na ga kawuna suna gyaɗawa. Na ɗaga hannu, aka ce lokacin jin ra'ayin jama'a ya wuce.

Gaskiya ne, da gangan ta zaɓi ranar. Ta ma gaya mini daga baya cewa ta daɗe tana lura da ranakun da ba ya zuwa. Amma ga dalili. A wurinmu, idan ka ga ƙazanta a gidan mutumin da kake ganin girmansa, ba ka zuwa ka ce masa, "Malam, ka ba ni izini in wanke maka." Wannan zagi ne, ka ce masa ƙazami ke nan a fuskarsa. Ba ka kuma wankewa yana tsaye yana kallo, don ka sa shi jin kunya. Sai ka bari ya fita, ka yi aikinka ka kwashe kayanka, ya dawo ya tarar da wuri fes, kada ya tambaya, kai ma kada ka faɗa. Sunan wannan rufin asiri. Hajiya ta ga Sarkin Tasha tsoho ne, ta ji an ce matarsa ta rasu, ta ga Sallah ta zo ƙararrawarsa tana kore. Ta yi masa abin da ake yi wa maƙwabcin da ba shi da mai yi masa. Abin da kuka rubuta a matsayin shaidar mugun nufi, shi ne iyakar ladabin da ta iya.

Na biyar: batun allon gargaɗi, da batun koren kansa.

An ce akwai rubutu a jikin ginshiƙin da ya hana taɓawa. Na je na duba, daga bakin titi, don ban tabbata ko hanin ya shafi 'ya'yanta ba. Akwai shi. Ɗan faranti ne na tagulla, da Turanci, kuma shi ma ya yi koren da sai an durƙusa ake gane haruffansa. Hajiya tana karanta Alƙur'ani ba gargada, tana rubuta ajami, amma boko bai ratsa ta ba. Ta ce ta ga farantin, kuma shi ne na gaba a shirinta bayan ta gama da ƙararrawar.

Game da koren, na ƙaru. Masanin da kuka gayyato daga jami'a ya yi bayani mai gamsarwa, kuma da na tare shi a waje ya tsaya ya ƙara mini ba tare da wulaƙanci ba. Ya ce sunan abin fatina, iska da ruwan sama na shekara fiye da ɗari ne suka taru suka yi shi, yana kare ƙarfen, kuma shi ne shaidar tsufan ƙararrawar. Na yarda. Da ma'auninku Hajiya ta yi ɓarna, ban zo in musa ba, kuma a madadin gidanmu ina ba ku haƙuri. Ni dai ban taɓa sanin akwai dattin da ake ajiyewa a bar wa jikoki ba, amma yanzu na sani.

Na koma gida na zauna na yi mata wannan bayanin dalla-dalla. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Wato da gangan suka bar ta haka?" Na ce da gangan. Ta juya carbinta ta ce, "Allah ya kyauta." Ba ta sake tayar da zancen ba ranar.

Na tambayi masanin ko koren zai dawo. Ya ce zai dawo da kansa, ba sai kowa ya yi komai ba, illa dai a ba shi shekaru gommai.

Na shida: halin da muke ciki yanzu.

Tun ranar Larabar nan Hajiya ba ta taka ƙofar gida ba, ko sallar Idi ba ta je ba, don ta ce kowa zai nuna ta. Idan jirgi ya yi ihu sai ta tashi ta rufe taga. Abinci sai na tsaya a kanta take cin loma biyu. Alhaji Mamman, dattijon jama'armu mutumin Maraɗi, ya zo har gida ya ba ta baki. Ya ce, "Hajiya, ki yi haƙuri mana. Mu a garinmu ko lagar ɗin, wato tashar jirgin, ba mu da ita, balle a kore mu daga ciki." Kowa ya yi dariya ban da ita. Mista Rey ma ya zo, riƙe da tsintsiyarta da ta bari a tasha. Ta leƙo ta labule ta gan shi, ta koma ɗaki ta turo ƙofa, ta ce da wane ido za ta kalle shi bayan ta jawo masa 'yan sanda a wurin aikinsa. Ya daɗe tsaye da hularsa a hannu. Ya ce mini an umarce shi kada ya yi maganar da kowa tunda tana gaban kwamiti, ya ajiye tsintsiyar a kan matakala ya tafi.

Yanzu ta ce in saya mata tikiti ta koma gida kafin sanyi ya shigo. Ta ce ba za ta zauna a ƙasar da aka rubuta sunanta a littafin 'yan sanda ba. Ranki ya daɗe, babu gidan da za ta koma. Gidan ma'aikatan da muka tashi a ciki an karɓe shi tun da babanmu ya bar aiki. Ƙanena yana Fatakwal a ɗaki ɗaya da mata da yara. 'Yan'uwana mata kowace tana gidan mijinta a wani gari. Wadda ta rage a Ƙaura yayarta ce, wadda ita ma jagora ake yi mata. Hajiya tana da ciwon sukari, ni ke auna ta safe da yamma, ni na san ranar da ta sha magani da ranar da ta ɓoye shi a ƙarƙashin filo. Na yi roƙo, na yi kuka, na sa an yi mata waya daga gida, ko gezau. Ta riga ta ɗaure kayanta, jaka biyu suna nan a bakin ƙofar ɗakinta, kullum sai na tsallake su in kai mata shayi.

Zan faɗa muku kai tsaye, tsoro nake ji. Ina tsoron in na kai ta filin jirgi, ganin ƙarshe ke nan, saura sai a waya, daga nan sai ranar da za a kira ni a ce in yi haƙuri. A wurin aikina na ga yadda tsoho yake yi idan ya daina son tashi da safe, kuma na san ba ya ɗaukar lokaci.

Na ce zan dawo kan ɗakunan jira. Hajiya ba ta taɓa shiga ko ɗaya daga cikinsu ba, babban ko ƙaramin, don ta ce ba a shiga ɗakin mutane ba a ce ka shigo ba. A waje take zama. Yau a duk faɗin gundumar nan, iyakar sanina, mutum ɗaya ne aka hana shiga tasharku a rubuce, kuma baƙar tsohuwa ce mai tsintsiya. Ban zargi kowa da komai ba. Na dai ga ya kamata in sanar da ku yadda lissafin ya tsaya, ko za ku so ku gyara allon.

Saboda haka ina roƙon kwamiti abubuwa kamar haka.

Na farko, a janye takardar hanin, a bar ta ta koma bencinta. Na ɗauki alkawari ba za ta sake zuwa da tsamiya ba. In ya kama in riƙa caje jakarta kowace safiya kamar a filin jirgi, zan yi.

Na biyu, kuma ya fi na farkon muhimmanci, wani daga cikinku ya zo gidanmu. Kada a aiko da takarda, takarda ce ta kai mu inda muke. Mutum ya zo da ƙafarsa, ya cire takalmi a ƙofa, ya zauna, ya sha abin da aka ba shi ko da bai san sunansa ba, ya dube ta ya ce kwamiti ya san ita ba ɓarauniya ba ce. Ba sai an gode mata ba, na san ba za ku iya ba, kuma ban nema ba. In da hali a zo da Mista Rey, a kuma sake masa baki ya ce mata sannu. Zan yi fassara tsakani da Allah, Alhaji Mamman zai zauna shaida.

Na uku, a kewaye ƙararrawar da igiya, ko a sa hoton hannu da jan layi a kai, irin wanda kowa ke ganewa. Garin nan cike yake da tsofaffin mata daga ƙasashe daban-daban, kuma ba Hajiya kaɗai ce ta iya wanke tagulla ba.

Na huɗu ba nawa ba ne. Da na karanta mata wasiƙar nan har zuwa nan, ta ce duk ta ji, amma na manta babban abu. Ta ce a roƙi kwamiti, tun da an riga an ɓata, a bar ta ta ƙarasa ɗaya gefen. Ta ce ita a rayuwarta ba ta taɓa barin aiki rabi ba, kuma duk direban jirgin da ya wuce yana ganin gefen da ta wanke, amma masu zuwa ta titi koren suke gani, za su ce ba ta iya ba. Na ce mata wannan ba mai yiwuwa ba ne, na sake yi mata bayanin fatina daga farko. Ta ce ita ba ta ce in yanke hukunci ba, cewa ta yi in rubuta. Na rubuta.

Ranki ya daɗe, ƙararrawarku za ta warke. Masaninku ya faɗa, ruwan sama da iska za su mayar mata da korenta ko kuna taro ko ba kwa yi, in dai an jira shekaru gommai. Uwata ba ta da shekaru gommai, zuwa shigowar sanyi ta ba ni.

Shekaranjiya tana wanka na buɗe jakunkunan na duba. Ta sa komai: zannuwanta, dardumar sallah, tasoshin nan uku an naɗe su a tsumma, hoton babanmu da hular reluwe, har da silifas ɗin da take shiga banɗaki da su. Abu uku ne kawai ba ta sa ba. Tsintsiyar tana bayan ƙofa, ragowar tsamiyar da gwangwanin tokar kuma suna kan kantar kicin inda ta ajiye su. Na tambaye ta ko in zubar. Ta ce, "Ki bar su nan tukuna." Da wannan tukunan nake rubuto muku, ba ni da wani abin riƙewa bayan shi.

Allah ya ja zamanin tasharku, ya tsare ta daga gobara da gara. Allah ya mayar wa ƙararrawarku korenta. Allah ya ba ki lafiya da tsawon rai, ke da membobin kwamitinki, ya yi muku jagora a taronku na gaba. In kuma tsufa ya riske ku a wurin da ba a jin yarenku, Allah ya haɗa ku da wanda zai tambaye ku dalili kafin ya buga waya.

Wassalam.

Taku cikin girmamawa,
Rabi'atu Lawal,
'yar Hajiya Asabe.